Fim Ɗin Da Baba Liao Ya Ƙi Haskawa

Pei-shan tana kan tsani tana goge allon ƙofar sinimar mahaifinta a garin Yuli, sai ta ji murya daga ƙasa.

"Sannu da aiki. Maigidan yana nan?"

Ta leƙo. Saurayi ne dogo, wankan tarwaɗa, ya rungume naɗaɗɗiyar fasta a ƙirji don kada yayyafi ya taɓa ta, shi kuwa ya jiƙe sharkaf.

"Ya tafi cin taliya. Me ka kawo mana?"

"Fim ɗin Yarinya da Kunkuru. Sabon da aka sake yi."

Pei-shan ta sauko da sauri. Babu yaron da ya tashi a garin nan bai ga tsohon fim ɗin ba. Duk sabuwar shekara mahaifinta, Baba Liao, sai ya haska shi, yana tsaye a bayan zaure yana bin waƙoƙin a hankali.

"Kai ɗan kamfanin fim ɗin ne?"

"Ni ne kunkurun," in ji shi, ya kumbura kumatu ya sauke murya kamar ta tsoho mai mura. "Yarinya, teku ba ya gaggawa."

Dariya ta kama ta har ta dafa tsanin. Da ta ɗago, sai ta ga kallonta yake yi, ya manta ruwa na zuba masa a wuya.

Kacaw sunansa, ɗan ƙabilar Amis daga wani ƙauye a hanyar teku. Shi ya koya wa 'yan wasan yarensu, shi kuma ya ba kunkurun murya. Ya roƙi kamfanin su bar shi ya zagaya ƙananan sinimomin yankinsu da kansa. Kafin ya hau babur ɗinsa ya karɓi lambarta, wai saboda aiki.

Ko gida bai kai ba saƙo ya shigo.

"'Yar Tikiti, na manta ban tambaya ba. Nawa ne kuɗin shiga idan mutum ba fim ya zo kallo ba, mai sayar da tikitin ya zo gani?"

Ta cije leɓe ta rubuta: "Ba a shiga da kunkuru. Dokar gida ce."

"To zan jira a ƙofa. Mu mun iya jira."

Haka aka fara. Ranar da babu aiki yakan ɗauke ta su ratsa gonakin shinkafa, su zauna bakin kogi yana koya mata sunayen kifaye da yarensu, tana faɗa a karkace yana riƙe ciki. Idan ta ɓata rai ya ce, "Sake faɗa mana, zuciyata. Wallahi a bakinki ya fi daɗi."

Fastar kuwa tana bayan ƙofa a naɗe. Baba Liao ya buɗe ta sau ɗaya, ya mayar.

Lokacin ƙasar duk ta ɗauka da gardama a kan fim ɗin. A tsohon, wata 'yar birni ce aka shafa wa baƙi a fuska ta fito a matsayin yarinyar Amis. A sabon, 'yar Amis ce ta gaskiya, tana magana da yarenta. Wasu suka yi murna, wasu suka ce an canza musu yarinyar da suka sani. Amma abin da ya fi tayar da ƙura shi ne kawun yarinyar. Da can shi kaɗai yake zaune a bukkarsa. Yanzu an nuna yana zaune da wani namiji, har a ƙarshe suka riƙe hannun juna a bakin ruwa. Ƙungiyoyin iyaye suka ce ba za a nuna wa yara wannan ba. Matasa suka ce ai irin waɗannan gidaje suna nan, ƙin nuna su ba zai ɓatar da su ba.

"Ba a zaurena ba," in ji Baba Liao yana cin abinci. "Fim ɗin yara ne, ba taron siyasa ba."

"Baba, ko kallonsa ba ka yi ba."

"Ba sai na kalla ba."

Pei-shan ta san inda ciwon yake. Yayanta Chun-sheng ya bar gida shekarun baya, ranar da ya gaya wa mahaifinsu cewa shi ba zai auri mace ba. Yana zaune a birnin Kaohsiung tare da wani malamin makaranta. Tun rasuwar mahaifiyarsu babu mai kiran sunansa a gidan, ita kaɗai ke masa waya a ɓoye.

"Kuma yaron nan mai babur," Baba ya ƙara, "ya daina tsayawa a ƙofata. Mutumin da sana'arsa kwaikwayon dabba? Ga Likita Hsu yana ta zuwa, kina masa kallon bango."

Likita Hsu mai cire haƙori ne, ɗan aminin Baba, kuma sakataren ƙungiyar iyayen garin ko da yake bai ajiye ko ɗa ɗaya ba. Duk zuwansa da kwandon lemo. Ba mugu ba ne, sai dai idan yana magana bakin mutum yake kallo.

"Pei-shan," ya ce mata wata rana, "mutanen nan ba a raina su ba, amma rayuwarsu daban. Yau waƙa, gobe rawa. Ki yi tunani."

"Na gode, Likita. Lemon ma ya isa haka, ya fara ruɓewa."

Abin da ya faru bayan haka bai zo mata ta inda take tsammani ba. Wata safiya ta buɗe waya ta ga hoton mahaifinta yana yawo ko'ina, tsaye a ƙofar sinima da hannu a ƙugu. A ƙasa an rubuta cewa ga tsohon da ya ƙi fim saboda yana ƙyamar 'yan ƙabila. Ta gane hoton nan take. Kacaw ne ya ɗauka, tana tsaye kusa da shi.

Ta rubuta masa: "Ashe abin da ya kawo ka ke nan. Ka samu labarinka. Kada ka sake nemana."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Saƙo ya shigo.

"Pei-shan, na rantse miki ba ni na saka ba. Na tura wa abokan aiki ne don su ga irin sinimar da nake so fim ɗinmu ya shiga. Wani a ofishin talla ya ɗauka. Laifina ne da na tura. Amma ban taɓa zuwa ƙofarku don labari ba."

Ta kife wayar. Kwanaki ta yi tana yanka tikiti idanunta a kumbure. Baƙi suka riƙa kira suna zagi. Baba Liao ya daina fita cin taliyarsa, ya rame a tsaye.

Ranar Asabar da sassafe ta ji ƙarar buroshi a waje. Ta leƙa ta taga. Wasu sun jefi ƙofar da ƙwai, ga Kacaw a durƙushe da bokiti yana wankewa. Kafin ta sauko, Baba ya riga ta fita. Ta laɓe a bayan labule.

"Wa ya sa ka?"

"Babu kowa, Kawu. Ni na jawo. Na sa sun sauke hoton, na kuma rubuta da sunana cewa ƙarya aka yi maka. Sun ce ba za su sake ba ni aiki ba."

"To ka ga amfanin surutu."

"Na gani."

Baba ya daɗe yana kallonsa. "Me tsohon fim ɗin ya yi muku ne? Waƙoƙinsa ba daɗi?"

"Da daɗi, Kawu, ni ma na haddace su." Kacaw ya matse tsumma. "Innata tana ƙarama aka kawo su nan daga makaranta su kalla. Washegari yaran ajinsu suka shafa gawayi a fuska suna kwaikwayon maganar yarinyar, suna bin ta. Daga ranar ta daina yarenmu a waje. Ba ta sake shiga sinima ba."

"A nan zauren?"

"A nan."

Baba Liao ya juya zai shiga, ya tsaya. "Ka kawo ta ranar Litinin da rana. Babu kowa a zauren. Ban ce zan haska wa gari ba."

Inna Lisin, mahaifiyar Kacaw, ta zo da rigarta ta coci, da ƙunshin shinkafa mai danƙo a ganye ta miƙa wa Baba. Su huɗu kawai a zauren. Pei-shan ta bar kujera ɗaya tsakaninta da Kacaw.

Da yarinyar cikin fim ta buɗe baki ta kira kakarta da yaren Amis, sai Inna Lisin ta amsa da ƙarfi, kamar ita aka kira. Sannan ta toshe baki da mayafi tana kuka. Pei-shan ba ta san lokacin da ta koma kujerar da ta bari ba.

Da aka zo wurin riƙe hannu, Inna ta kau da kai. "Kai, Kacaw. Wannan kam ba ka gaya mini ba. Ni ban yarda da shi ba, fastonmu ma ba zai yarda ba."

"Na sani, Inna."

"Amma dai yarinyar ba ta kwana da yunwa ba a hannunsu," ta ce, tana share ido. "Wannan na gani."

Baba Liao bai motsa daga kujerarsa ba. Aka kunna fitila, baƙin suka fita, shi yana zaune yana kallon farin allo. Pei-shan ta zo ta tsuguna gefensa.

"Waƙoƙin tsohon sun fi," ya ce.

"Sun fi, Baba."

Ya ci gaba da kallon allon. Sannan, ba tare da ya dube ta ba: "Yayanki... yana cin abinci sosai? Yakan manta idan aiki ya yi masa yawa."

Ta gyaɗa kai. "Yana ci. Wanda suke tare ya iya girki."

"Hm." Ya tashi yana dafa gwiwa. "Ki liƙa fastar. Ki rubuta a ƙasa abin da ke ciki, kowane uba ya zaɓa wa 'ya'yansa. Ni ba zan zaɓa musu ba."

Wasu iyayen suka zo da yaransu, wasu suka ƙi, har da waɗanda suka daina gaishe da Baba a kasuwa. Likita Hsu ya zo ya karɓi kwandonsa cikin mutunci, bai sake dawowa ba. Daga ƙauyukan hanyar teku kuwa mota-mota aka riƙa zuwa, tsofaffi na amsa wa allo magana.

Pei-shan ta tura saƙo: "Kunkuruna, na yi maka saurin hukunci. Ka yafe mini."

"Ni ne mai neman gafara, hasken idona. Ba ni da aiki yanzu, sai babur da murya. Kina so haka?"

"Muna neman mai share zaure."

Da bikin girbi ya zo ya gayyace ta ƙauyensu. A ranar ƙarshe, samari na rawa a da'ira da jakunkunansu masu ado a kafaɗa, Inna Lisin ta danƙa mata ƙwayar binlan, goron yankinsu, a tafi.

"'Yata, a wurinmu mace ce ke zaɓa. Ki jefa a jakar wanda kike so. Idan ya tauna, ya amsa."

Pei-shan ta ratsa mutane, ta kama igiyar jakarsa ta jefa. Kacaw ko juyowa bai gama yi ba ya cusa ta a baki, har ya ƙware. Filin ya kaure da shewa.

An yi bikin aurensu bayan girbin kaka, aka jera teburan abinci a titin gaban sinima. Ana shirin zama sai ga Chun-sheng ya sauko daga tasi, abokin zamansa na biye da shi a ɗarare. Hayaniya ta lafa. Pei-shan ta riƙe hannun angonta gam.

Baba Liao ya dubi ɗansa daga sama har ƙasa.

"Ka yi furfura," ya ce.

"Kai ma, Baba."

Tsohon ya ja kujera a teburin iyali, ya ɗan yi jim, ya ja ta biyu. Bai yi wa baƙon magana ba. Amma da aka kawo kifi, ya yanki tsokar ciki ya sa a kwanon ɗansa, ya sake yanka ya sa a na kusa da shi.

Pei-shan ta sunkuyar da kai kada kwalliyarta ta lalace. Kacaw ya raɗa mata, "Yi kukanki, amaryata. Ko kin zama dodo na riga na tauna."

Ta mintsine shi tana dariya da hawaye.

Inna Lisin ta miƙe, ta ɗora hannu ɗaya a kan ɗanta, ɗaya a kan amarya. Ta yi addu'a da yarenta da murya mai ƙarfi a tsakiyar titi, sannan ta maimaita yadda kowa zai ji: "Allah ya sa gidanku ya zama mai faɗi. Ya ba ku 'ya'ya masu jin yare biyu. Duk wanda ya fita daga cikinsa, ya san hanyar dawowa."

Jama'a suka amsa. Baba Liao ya ɗaga kofinsa, ya gyaɗa kai ya sha.