Ni Fa Ba Zan Fashe Ba

"Ajiye tukunyar nan!"

Saura kaɗan ta saki tukunyar shukar da ke hannunta. Kafin ta juyo har ya iso ya karɓe, hannunsa duk garin katako.

"So kike ɗinkin ya ɓalle, Fure?"

"Wane ɗinkin? Wanda ya warke tuni?" Ta kalle shi ido cikin ido. "Ni fa ba zan fashe ba, Maigida."

Ya san idan ta ce Maigida ranta a ɓace yake. Ya dire tukunyar, ya koma shago.

Fure yake kiranta saboda sana'arta, furanni take raino a bayan gida tana sayarwa. Shi kuwa kafinta ne, shagonsa na bakin titi. Kwanakin baya wani ciwon mara ya murɗe ta da safe, ya ɗauke ta a kafaɗa sai asibiti. A ranar aka yi mata aiki, aka cire ƙari daga ma'ajiyar ƙwan haihuwarta.

Tun da aka sallamo ta ya hana ta komai. Shi ne wanki, shi ne shara, shi ne ban ruwa, har ya kashe mata shuka da yawan ruwa. Duk wannan ta yafe. Abin da ke cin ranta shi ne ya ƙaura falo da kwana. Ko hannunta ya taɓa sai ya janye kamar ya taɓa garwashi.

Ran nan yayarsa ta zo dubiya, idonta ya sauka a kan filo da bargon da ke doguwar kujera.

"Au! Har an kai nan?" Ta taɓe baki. "Dama an ce idan aka taɓa wa mace wurin nan, shi ke nan, sai dai kallo. Mun yi magana da Umma, gara ki koma gidanku ki huta... shi ma ya samu ya yi tunani."

Fure ta yi murmushin dole, ta raka ta har ƙofa. Da ta dawo ta zauna cikin shukokinta, ta yi kuka mai isarta. Ba maganar Yaya ce ta fi yi mata zafi ba. Tsoronta kada ya zama gaskiya ne, ya daina sha'awarta.

Ranar komawa asibiti ya tsaya a bakin ofis zai jira. Ta riƙe masa hannun riga.

"Tare za mu shiga."

Likitar, wata dattijuwa mai fara'a, ta duba ta tsaf, ta ce wuri ya yi kyau. Fure ta haɗiye kunya.

"Likita, don Allah ki faɗa a gabansa... zan iya komawa aikina? Kuma... mu koma yadda muke?"

Kafinta ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Sosai ma," in ji likita. "Ciwo ya warke, jini ya ɗauke. Ki fara da aiki marar nauyi, ki riƙa ƙarawa. Tsakaninku kuma a bi a hankali. In kin ji zafi ku dakata, in kin ga jini ko zazzaɓi ki dawo. Ƙarin kawai muka cire, mahaifarki lafiya lau."

 Can Kafinta ya ɗago kai.

"Likita, ranar da ciwon ya taso... mun kasance tare kafin nan. Na ga yadda take birgima a ƙasa. Tun daga ranar nake ganin ni na jawo mata."

Fure ta juyo da sauri. Ashe abin da yake ɗauke da shi ke nan shi kaɗai!

"Malam, ƙarin nan ya daɗe yana girma," likita ta ce a tausashe. "Ko kana gari ko ba ka nan, zai iya murɗewa. Sauke wannan kayan daga kanka."

Ya sa bayan hannu ya share ido.

Suna hanyar gida wayarsa ta yi ƙara. Yaya ce.

"Yaya, ki gaishe min da Umma. Ki ce mata matata ba inda za ta je. Ni ne na tsorata, ita lafiyarta ƙalau."

Ya kashe wayar, ya lalubo hannunta. Wannan karon bai saki ba.

Da suka shiga gida rana na tsaka, ya tsaya a ƙofar ɗaki kamar baƙo.

"Me ya sa ba ka faɗa min ba, Nawa?"

"Kunya... da tsoro. Ke fa?"

"Na zaci ƙyamata kake."

"Ke? Fure, ni da nake kwana ina juyi a kujera kamar an ɗora ni a kan ƙusa!"

Ta yi dariya har da hawaye, ta jingina kanta a ƙirjinsa. Ƙamshin katako ya cika mata hanci.

"In kin ji zafi ki faɗa min," ya raɗa mata.

"Zan faɗa. In ban ji ba ma zan faɗa."

Can wani mai sayen furanni ya zo ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofar gida. Da ya gaji, ya kama gabansa.