Harsashin da Ya Tsallake Ganuwa

Manang Saling ta ɗauka curin kwakwa ne ya faɗo. Ta ajiye wankin da take yi, ta zagaya bayan ɗaki tana mita, don ta sha gaya wa mijinta ya riƙa ɗaga murya kafin ya saki. Ashe ba kwakwa ba ce. Mijin nata ne, Manong Pidoy, kwance a gindin bishiyar, laujensa a ƙugu, jini na malala daga ƙasan haƙarƙarinsa. Safiyar Asabar ce, ƙarfe tara ta ɗan gota, a bayan garin Danao. Kafin maƙwabta su samo mota ya cika.

Sajan Leonila Batucan ta 'yan sanda ta iso kafin goma. Ta duba raunin, ta ɗaga kai ta dubi saman bishiyar, sannan ta juya ta dubi ganuwar jar ƙasa da ke can gaba da gonar. Bayan ganuwar nan filin kulob ɗin maharba yake. Ta san shi sarai. Shekara takwas ta yi tana shiga gasar harbin ƙaramar bindiga kafin gwiwa ta zaunar da ita.

"Manang, me kika ji?" ta tambayi matar mamacin. A garin, Manang ake kiran babbar mace don girmamawa, namiji kuma Manong.

"Abin da nake ji kowace Asabar, Inday, 'yata. Harbinsu. Sau nawa Pidoy ya je ya roƙe su su ƙara wa ganuwar nan tsawo? Sai su ba shi lemo, su ce za a duba."

"Kafin ya faɗo fa?"

Tsohuwar ta share ido da gefen zane. "Biyu ne suka fita a haɗe, kamar ɗaya. Tarr! Ban taɓa jin irinsa ba. Sai faɗuwar."

A kulob ɗin, mutum uku ne suka yi harbi da safen nan. Biyu na zaune a rumfa suna shan koko mai zafi. Ta ukun, wata mace mai faɗin kafaɗa, tana can kan benci a rana ita kaɗai, babu wanda ya miƙa mata ko ruwa.

Shugaban kulob ɗin ya taso da murmushi. Lauya Crisanto Villaflor ke nan, gwanin lardin sau uku, wanda kowa ke sa ran za a ɗauka a tawagar ƙasa a gwajin mako mai zuwa. Ya miƙo wa Leonila takarda da hannun dama. Hagun na cikin aljihu.

"Sajan, mun rage miki aiki. Abin tausayi ne, amma a fili yake. Marivic, waccan ta kan benci, sabuwa ce, wata uku kacal. Bindiga ta yi mata shuri, baki ya tashi sama, ta firgita ta sake jan kunama. Da idona na gani. Na rubuta mata bayanin, sa hannu kawai ya rage."

Leonila ta karanta. Ko gawar ba ta gama sanyi ba, amma an riga an buga ikirari da na'ura, har da gurbin kwanan wata. Ta ninke takardar ta sa a aljihu.

"Na gode, Lauya. Bari dai in yi aikin da ake biyana dominsa."

Ta fara da ɗayan na rumfar, Dakta Nestor Tampus, likitan haƙori. Ya ce shi farantan ƙarfe ya harba, a lungun da ke fuskantar dutse. Leonila ta bi shi can. Kwanson harsasansa na zube a wurin, fentin farantan ya ɓare sabo. Mai tsayuwa a nan ƙeya yake ba gonar kwakwa.

"Ka ga abin da ya faru a babban fili, Dok?"

"Ni da ke da toshe biyu a kowane kunne? Ko coci ta rushe ba zan sani ba."

Ta sallame shi, ta nufi benci. Marivic Gomonit mai gadi ce a ƙofar tashar kifi. Ta shiga kulob ɗin ne don ta iya bindigar da kamfani ke rataya mata a ƙugu ba tare da an koya mata komai ba. Idanunta sun kumbura.

"Ke ce, Inday?" Leonila ta tambaya, da kalmar da ake kiran ƙanwa ko 'ya.

"Ban sani ba, Sajan. Sun ce ni ce. Ni kowane harbi sai na runtse ido. Idan Lauya ya ce ya gani, wace ce ni?"

"Harsashi nawa kika harba?"

"Ashirin da huɗu. Allo shida, bibbiyu, zagaye biyu."

"Daga ke sai wa?"

"Sai Lauya. Aka kafa masa sababbin alluna, ya yi zagaye ɗaya. Bai daɗe da gamawa ba muka jiyo kururuwa."

"Ina allunan?"

Marivic ta nuna wata ganga a bayan rumfa. Wani dattijo na tsaye a kanta da ashana a hannu. Manong Berting ne, alƙalin filin, wanda ke bin bayan maharbi da ƙaramin agogon da ke ƙirga kowane harbi da lokacinsa.

"Manong, kada ka kyasta!" Leonila ta daka masa tsawa. "Wa ya ce ka ƙona?"

"Ai haka muke yi kullum," ya faɗa yana kallon ƙasa.

"Da tsakar safiya, ranar da aka kashe mutum?"

Ta zazzage gangar, ta jera allunan kwalin a ƙasa. Na Marivic shida, da harafinta a kusurwa. Ta ƙirga ramuka sau biyu: ashirin da huɗu cif, duk sun taru a ƙasa, gefen hagu. Na Lauya ramuka goma sha biyu, bibbiyu a tsakiya kamar an auna, in ban da allo na biyar. A nan rami ɗaya na can ƙoli, dab da baki. Ɗayan yana tsakiya. Ta ɗaga allon ta kara shi da hasken rana, ta daɗe tana kallon na tsakiyar. Fuskarta ta ɗaure.

"Manong, kawo agogon."

"Na goge shi."

"To kawo in ga gogaggen."

Bai motsa ba. Ta matsa kusa da shi, ta rage murya. "Ka san Pidoy?"

"Tare muka yi firamare."

"Matarsa na can tana neman farar rigar da za a sa masa. Wannan kuma da ke kan benci, idan ta sa hannu a takardar can, kurkuku za ta, aikinta ya tafi. Kai ne kaɗai ka tsaya a bayan su biyun. Kawo agogon."

Dattijon ya zaro shi daga cikin riga. Bai goge ba. Leonila ta latsa, lambobin zagayen ƙarshe suka fito ɗaya bayan ɗaya. Ta sa agogon a jakarta, ta koma rumfa.

Ta tarar Lauya Villaflor ya turo wa Dakta Tampus kwalbar ruwa ya buɗe masa. Ta lura da haka.

"Gwaji ɗaya ya rage," ta ce. "Ina son ganin riƙon kowa."

Ta cire harsasan bindigarta, ta ja, ta leƙa ciki, ta nuna wa kowa babu komai. Ta miƙa wa Marivic.

"Riƙe yadda aka koya miki. Wa ma ya koya miki?"

"Lauya. Ya ce hannun dama jan kunama ne kawai aikinsa. Hagu ce ke riƙe bindiga. A matse da ita kamar mai tatsar kwakwa, wuyan hannu a kulle, babban yatsa ya miƙe gaba."

"Ya koya miki daidai."

Marivic ta miƙe hannuwa wajen ganuwa. Leonila ta tsaya a gefe, ta daki ƙasan bakin bindigar da tafin hannu, da ƙarfi. Bakin ya ɗan motsa ya koma wurinsa. Ta sake, haka dai. Tafin Leonila ne ma ya yi zafi.

"Kafin gadi me kike yi?"

"Dakon ƙanƙara a tasha."

"Ga shi nan kuwa. Lauya, bismillah."

Lauyan ya yi dariya. "Sajan, na fi ki sanin doka. Babu abin da ya tilasta mini wannan wasan yara."

"Babu kam. Zan dai rubuta cewa mai gadin tashar kifi ta riƙe, gwanin lardi ya ji tsoro."

Dakta Tampus ya sha kokonsa ya ce, "Haba Cris, kai da kake mana gori kullum da riƙonka?"

Lauya ya tashi a fusace. Ya fiddo hagun daga aljihu, tana sanye da baƙar safar hannu. Ya karɓi bindigar, ya gyara tsayuwa, tsayuwa mai kyau ta ƙwararre. Leonila ta daki ƙasan bakin sau ɗaya, ko rabin ƙarfin ɗazu bai kai ba. Hagun ta fizge ta rabu da bindigar, bakin ya kalli sama. Lauya ya yi ƙara ya dafe hannun a ciki.

"Cire safar," in ji Leonila.

Da ya ƙi, Dakta Tampus ne ya kama hannun ya zare ta. Ɗinki ne ya ratsa tafin daga gindin ɗan yatsa zuwa tsakiya, ya kumbura, wani wajen ya ɓalle. Yatsu biyu ba sa lanƙwasuwa.

"Cris! Jijiya ce wannan. Yaushe?"

"Mako biyu. Gilashi ne." Muryarsa ta dushe. "Da an sani da an cire ni daga gwajin."

Leonila ta karɓe bindigarta. "To bari in faɗa muku abin da ya faru, tunda kun iya rubuta wa mutane labari. Ka ce shuri ya ɗaga bindigar Marivic. Laifin Marivic akasin haka ne. Tsoron shurin take ji, sai ta danne bakin ƙasa kafin harsashi ya fita. Shi ya sa duk ramukanta ke ƙasa ta hagu. Mai irin wannan laifin tsutsa yake kashewa, ba mutumin da ke kan bishiya ba. Ta harba ashirin da huɗu, ga ashirin da huɗu a kwali. Babu nata da ya ɓata."

Ta ɗaga allo na biyar.

"Kai ka harba goma sha biyu, a nan kuma ramukan harsashi goma sha ɗaya ne. Harsashi in ya ratsa kwali yakan bar baƙin zobe a gefen ramin. Wannan na tsakiyar fari ne tas, gefensa a yage. Da sandar goge bindiga aka huda shi. Agogon Manong Berting ya riƙe zagayenka. Tsakanin harbinka na tara da na goma ko rabin tazarar da ka saba babu. Na tara ya bugi ƙolin allo, hagunka ta saki, bindiga ta yi tsalle, ta dawo ta haɗu da yatsanka, na goma ya tashi baki na kallon sama. Su ne biyun da Manang Saling ta ji kamar ɗaya. Ƙarya nake yi, Manong?"

"Haka aka yi," in ji dattijon. "Na ce masa ɗaya ya tsallake. Da muka ji kururuwa, ya karɓi allon ya huda, ya ce in ƙona duka, ita ai ba ta da kowa."

Marivic ta matso a hankali. "Lauya, na yi awa guda ina roƙon Allah gafara a kan bencin can. Kana kallona."

Bai dube ta ba. Leonila ya fuskanta. "Haɗari ne, Sajan. Ke maharbiya ce, kin san haɗari ne."

"Na san duk maharbin kirki da hannunsa ya mutu, ajiye bindiga yake yi har ya warke. Kai ka san ganuwar gajeriya ce, ka san akwai gidaje a bayanta, ka zo ka yi harbin sauri irin na gasa da hannu ɗaya. A bar ma wannan, alƙali ya auna shi. Sandar da ka huda kwali da ita fa, ita ma haɗari ce? Takardar da ka buga wa ɗalibarka, na'ura ce ta yi tuntuɓe?"

Ta tattara allunan da bindigarsa, ta sa Dakta Tampus da Manong Berting suka sa hannu a kan kowane allo. Sannan ta ciro ankwa.

"A gaban mutanena?" in ji Lauya Villaflor. "Zan bi ki da motata."

"Motarmu ta ishe mu. Juyo."

Ya juya, ya kai hannuwan baya. Da ƙarfen ya taɓa wuyan hannunsa sai ya zabura.

"Ki bi a hankali da hagun, tana da ciwo."

"Ashe ka sani," in ji Leonila, ta datse ankwar.