Hasashen Da Ba A Sa Wa Hannu Ba

Ranar da ya fara ganinta, sai da ya yi abin kunya tukuna.

Saura mako shida a buɗe kakar ƙwallon kwando ta 'yan mata, jaridar da yake wa aiki ta tura shi zagayen ƙananan kwalejoji takwas da ke buga gasar. Aikinsa ya kalli atisaye, ya zanta da koci, ya dawo ya rubuta hasashe: wa zai zo na ɗaya, wa zai riƙe wutsiya. Kwaleji ta shida da ya shiga, fanka biyu ne ke juyawa a zauren wasanta, ragar kwando ɗaya kuwa da igiyar takalmi aka ɗaure ta.

A bakin benci ya tarar da wata gajeriyar budurwa tana jera gorunan ruwa.

"Sannu da aiki. Don Allah ina kyaftin ɗinku?"

Ta ɗago ta dube shi daga sama har ƙasa, ta tsayar da ido a kan biron da ya soke a bayan kunne.

"Tana zuwa. Riƙe min waɗannan."

Ya rungume gora huɗu a ƙirji kamar mai talla. Koci ta busa usur, budurwar ta shiga fili, ta karɓi ƙwallo, ta ratsa dogaye uku, ta jefa a kwando. Sannan ta waiwayo ta ce, "Ga ta nan ta zo."

'Yan wasan suka yi dariya har da masu zama a ƙasa. Daga ranar suka laƙaba masa Mai Biro. Shi kuwa bawan Allah ya koma ofis da littafi cike da rubutu, amma ko rabin abin da Koci ta faɗa bai iya tunawa ba.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Kyaftin, na manta ban tambayi tsawonki ba. Don aiki ne."

Ta amsa: "Rubuta cewa ya ishe ni. Don aiki ne."

Kowace kwaleji zuwa ɗaya take buƙata. Wannan sai da ya je sau biyar. Kafin wata ya cika ya zama Mai Biro na, ita kuma Kyaftin ɗina, ƙawayenta har sun gaji da tsokana.

Wata la'asar bayan atisaye suna zaune a kan matakalar zauren, ta jawo jakarta ta fito da wani dogon bandeji tana naɗewa.

"Zan faɗa maka wata magana, amma ba da ɗan jarida nake yi ba."

Ya zare biron daga kunne ya jefa a aljihu. "Ɗan jarida ya tafi gida."

"Gwiwata ta hagu ba ta warke ba tun bara. In na juya hagu da sauri, sai in ji kamar an soka min ƙusa. Dokta kaɗai ya sani." Dokta shi ne saurayin da ke duba raunin 'yan wasan, wanda ya daɗe yana sonta tana zillewa. "Baba da ƙyar ya bar ni na fara ƙwallon nan. In ya ji, shi ke nan. Wannan ce shekarata ta ƙarshe, so nake in buga ta in gama."

"Ba mai ji daga bakina," in ji shi. Kuma har ga Allah a lokacin gaskiya ya faɗa.

To, a jaridarsu akwai wata ƙa'ida. Hasashen kaka ba a sa masa sunan kowa. Mutum uku ne ke zama su jera ƙungiyoyin, sai ya fito a matsayin ra'ayin jarida. Ranar zaman, wani abokin aikinsa ya riga ya baza labarin soyayyarsa da Kyaftin.

"Ba sai mun wahala ba, mun san wa ango zai ɗora a sama," in ji abokin aikin.

Edita bai yi dariya ba. Ya ce, "In zuciyarka ta shiga aikin nan, faɗa min tun yanzu in ba wani."

Maganar ta yi masa zafi. Shekararsa biyu yana neman a ɗauke shi da muhimmanci a ofishin nan. Sai ya ɗauki biro ya sa ƙungiyar Kyaftin a ta takwas.

Edita ya ɗaga gira. "Waɗanda suka zo na huɗu bara? Kawo dalili."

Dalilin ya fito daga bakinsa kafin ya kama shi. Da ya fito kuwa, shi da kansa ya zauna ya buga: "Ƙungiyar ta dogara kacokan a kan kyaftin ɗinta, wadda gwiwarta ta hagu ba ta warke ba. Duk wanda ya tilasta mata juyawa hagu ya gama da su."

Abokin aikin ya dafa kafaɗarsa ya ce yau ya tabbata ɗan jarida. Ya ji daɗin yabon na kusan minti goma.

Mahaifin Kyaftin mai shagon aski ne, kuma ba a raba shagonsa da jarida. Ranar da hasashen ya fito, wani mai jiran layi ya karanta masa shi da ƙarfi, bai san 'yar mai shagon ake nufi ba. Baba ya kashe injin aski, ya bar mutum da rabin kai, ya nufi gida. Takalman wasanta ya kwaso ya kulle a durowar shago, ita kuma ya kai ta asibiti. Likita ya ce mako takwas ba ita ba fili.

Saƙonta ya shigo masa yana kan tebur: "Mai Biro na, an tona min asiri. Dokta ne, ba ko shakka. Haushina yake ji tun da na ce masa ina da wanda nake so. Ba ka ga shafin kafin ya fita ba?"

Sau uku ya rubuta gaskiya, sau uku ya goge. Abin da ya tura shi ne: "Mu uku ne ke zama a kai, Kyaftin ɗina. Ki yi haƙuri, ina tare da ke."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin saƙon, kuma bai taɓa jin kansa maƙaryaci kamar ranar ba.

Ta je ta wanke Dokta tas a gaban 'yan wasa. Koci ta dakatar da shi daga aiki. Kwana tara Mai Biro yana kai mata ziyara, tana kuka yana ba ta haƙuri, tana ce masa shi kaɗai ya rage mata. Abinci ya daina yi masa daɗi. Mahaifiyarsa ta tambaye shi ko zazzaɓi ne, ya ce gajiya ce.

Ranar wasan farko, yana zaune a kujerun 'yan jarida, ita tana benci da kayan gida. Aka lallasa ƙungiyarta da tazarar maki ashirin da biyu. Duk da haka da ta hango shi sai ta ɗaga masa hannu tana murmushi. Da ma zagi ta yi masa da ya fi sauƙi.

Wani ya zauna a gefensa. Dokta ne, ya shigo a matsayin ɗan kallo.

"Mutum biyu ta faɗa wa," in ji Dokta, idonsa na kan fili. "Ni dai na san ban faɗa ba."

Mai Biro ya juyo ya dube shi. "Me ya hana ka gaya mata?"

"In daga bakina ta ji, za ta ce kishi nake yi." Ya miƙe ya kaɗe wandonsa. "Kai ne kake da bakin da za ta yarda da shi."

Da zauren ya watse, ya same ta tana tattara rigunan 'yan wasa. Bai yi kwana-kwana ba.

"Ni ne na rubuta. Ba wanda ya tilasta min. Tsokanata aka yi a ofis, na so in nuna ba na son kai, sai na sayar da ke."

Ba ta ɗaga murya ba.

"Ka zauna kana kallona na ci mutuncin mutumin da ya shekara yana ɗaure min gwiwa."

"Na yi."

"Ina kuka a gabanka kana ba ni haƙuri."

"Na yi."

"Rubutun zan iya cewa kuskure ne. Kwana taran nan ne ban san inda zan ajiye su ba." Ta ɗauki jakar ta fita tana ɗingishi kaɗan, bai iya ko bin ta ba.

Washegari ya je gaban Koci ya wanke Dokta daga zargi, aka mayar da shi aiki. Ya rubuta ɗan gajeren bayani mai ɗauke da sunansa, cewa labarin raunin amana ce aka ba shi ya ci. Sannan ya roƙi Edita ya cire shi daga ƙwallon kwando. Aka mayar da shi shafin sanarwa, inda ba mai yaba wa kowa.

Ita ma Kyaftin ba ta tsira daga nata nauyin ba. Ta ba Dokta haƙuri tana hawaye, ta durƙusa gaban mahaifinta kan ɓoye masa ciwo shekara guda. Dokta kuwa ya ga hanya ta buɗe, ya turo manyansa. Baba ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce wa mahaifiyarta, "Ga yaro mai riƙe magana. Wancan mai biron kada in ƙara jin sunansa a gidan nan."

Mai Biro ya tura wa Kyaftin saƙo ɗaya tak: "Ba na neman ki amsa. Ina so dai ki san ban daina jin kunyar abin da na yi ba, kuma ban daina sonki ba." Ba ta amsa ba.

Sai ya koma zuwa aski. Duk Asabar yana kan layi a shagon Baba. Baba ya yi masa askin, ya kaɗe tawul, ko uffan. A Asabar ta huɗu babu sauran gashin da inji zai kama.

"Kai, me kake so in aske? Fatar?"

"Haƙuri na zo bayarwa, Baba."

Baba ya sa hannu a bayan madubi ya zaro guntun jarida, ya miƙa masa. "Karanta min. Da ƙarfi, yadda aka karanta min."

Mutum biyar ne a shagon. Ya karanta har zuwa "ya gama da su".

"Likita ya ce da ta buga kakar nan a haka, da sai an yi mata aiki," in ji Baba. "Ta dalilinka na sani. Amma kada ka ɗauka alheri ka yi."

"Ban ɗauka ba, Baba."

"Da ka ɗauka, da na kore ka yanzu." Ya karɓi takardar ya yayyaga ya zuba a kwandon shara. "Ni Dokta nake so, ban ɓoye maka ba. Ita ta ce min ba za ta ƙara cutar da shi ba, ta aure shi zuciyarta na wani wuri. Ba ni ka yi wa laifi ba. In ta yafe, ba zan tare hanya ba. Tashi ka ba mai gashi wuri."

Mako na tara, saƙo ya shigo: "Gobe zan buga. Ka zauna cikin 'yan kallo kamar kowa. Kada ka zo da biro."

Minti goma sha biyu Koci ta ba ta. Ta ci maki shida, ƙungiyar ta yi nasara da ƙyar. Ya jira ta a waje.

Ta tsaya a gabansa, ta duba dama da hagu, ta rage murya.

"Gwiwar ta warke. Amma tsoro nake ji. Duk juyawar da na yi yau, gabana faɗuwa yake. Ban faɗa wa Koci ba, ban faɗa wa Baba ba."

Ya dube ta. Ya gane abin da ta miƙa masa, kuma ya san bai cancanta ba. Hawaye suka zubo masa a gaban mutane.

"Me ya sa ni?"

"Don na gaji da rashin wanda zan faɗa wa, Mai Biro na. Share fuskarka, 'yan wasana na kallo."

Ƙungiyar ta gama kaka a ta biyar. Bayan jarrabawarta ta ƙarshe aka ɗaura aurenta da Mai Biro. Koci da 'yan wasa suka cika gidan da hayaniya, Dokta ma ya zo ya yi musu addu'a, ya tafi da wuri.

Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannun ango ya ja shi gefe. Idanun tsohon sun yi ja.

"Daga yau, duk abin da ke damunta kai za ta fara faɗa wa, ba ni ba. Ka riƙe."

"Zan riƙe, Baba."

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari, Ya rufa muku asiri."

Mutanen da ke tsakar gida suka amsa da amin. Ta ango ce ta fi ta kowa daɗewa.