Ta Bayan Taga a Moduganari

Kwana tara ke nan Kambili ba ta taka ƙofar gida ba.

Tun ranar da mahaifinta Ejiofor, mai shagon kayan gini a unguwar Moduganari, ya tsinci takardun saurayinta Yoila a ƙarƙashin katifarta, ya karɓe wayarta, ya garƙame get da kwaɗo. Ya rantse 'yarsa ba za ta auri wanda ya gudo daga makarantar horar da limaman coci ba, balle wanda ba yarensu ba. Ranar Asabar zai tura ta Anaca wajen danginsa.

Takardun nan waƙoƙi ne. Don addu'a Yoila ya koyi harshen Latin, sai ya faɗa kan waƙoƙin soyayyar Rumawan da, yana juya mata su da Hausa. Mamaki take yadda mutanen da suka mutu shekara dubu biyu da suka wuce suke kishi da magiya kamar samarin unguwar Ajilari.

Ranar Alhamis da la'asar ta ji muryar Yoila ta bayan taga.

"Kambi... na kawo miki wata."

Ya karanta a hankali. Wani masoyi ne kwance a ƙofar budurwarsa, yana lallashin katako, yana zagin sakata.

Da can murmushi za ta yi. Yau hawaye ne suka zubo.

"Ita fa, ta cikin ɗakin? Ya tambaya ko ta ci abinci?"

Ya amsa cewa bai taɓa lura ba, a waƙar ko uffan ba ta ce ba.

"Waƙar ta yi daɗi, masoyina... amma shi in ya gaji gida zai koma. Ni jibi za a sa ni a mota."

Ta ji takunsa yana nisa. Ranar Juma'a bai zo ba. Ta haɗa kayanta tana kuka.

Ranar Asabar mahaifinta ya raka ta har cikin mota, sai ya tsaya cak. Yoila ne a kujerar baya, shi da kawunsa Victor, sun sha manyan kaya. Dattijon ya miƙe ya gaishe shi, ya ce tunda an hana su shiga gida, za su bi ta har Anaca su nemi aurenta wajen dangi.

Ejiofor ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗauki jakarta.

"Sauko. Ina raye ba za a fara tambayar aurenki a gidan wani ba."