Bugu Ɗaya a Cikin Ciyawa

Ranar da Hamna ta fara ganin Hayatu, yana tsaye ne a bakin gonar gyaɗar mahaifinta, wadda ta yi iyaka da filin golf na bayan gari.

"Salamu alaikum. Ƙwallona ta faɗa cikin gyaɗarku. Ko zan iya shiga?"

"Sauran 'yan wasan ba sa tambaya," in ji ta.

"Shi ya sa na tambaya."

Ta nemo masa da kanta. Da abin ya maimaitu har sau huɗu, sai ta ce, "Malam, ko dai ba ka iya wasan ba ne, ko kuwa gyaɗarmu kake so." Ya sunkuyar da kai, ya ce ba gyaɗar ba ce.

Sun shekara suna tare kafin zancen ya isa kunnen mahaifinta, Malam Hammanjoda, tsohon dillalin shanu.

"Wannan wasan manyan ma'aikata ne idan sun tashi daga ofis," in ji shi. "Shi daga wane ofis ya taso?"

Hamna ta yi masa bayani cikin ladabi cewa akwai gasar tantancewa duk shekara, wanda ya tsallake zai zama ƙwararre, wasan ya zama sana'arsa. Tsohon ya ce to: in ya tsallake bana ya turo magabatansa, in bai tsallake ba ta saurari Jamil, ma'aikacin sakatariya da ya daɗe yana aiko da gaisuwa.

Kwana huɗu aka yi ana gasar a Kaduna, ita kuwa tana azumi tana yi masa addu'a. Ranar ƙarshe da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Hamnata, ban tsallake ba. Kin san a wasanmu mai ƙarancin bugu ne ke gaba, ni kuwa da bugu ɗaya na wuce iyaka. Ƙwallona ta shiga doguwar ciyawa, da na janye wani kara sai ta motsa. Babu wanda ya gani. Doka ta ce in ƙara wa kaina bugu ɗaya, na kuma ƙara. Ki yafe mini, sanyin idona."

Ta daɗe tana kallon wayar kafin ta rubuta:

"Babu wanda ya gani, amma ka zaɓi dokar wasa ka bar ni. Allah Ya ba ka mai haƙurin jira."

Daga ranar ba ta ƙara ɗaga kiransa ba. Jamil ya riƙa zuwa zance, tana fita don biyayya, ta dawo ba ta riƙe kalma ɗaya daga hirarsa ba. Ana cikin haka ciwon zuciya ya kwantar da mahaifinta.

Wata safiya tana ba shi kunu, ya dube ta ya ce, "Kin fi ni ramewa. Me yaron nan ya yi miki?"

Ta karanta masa saƙon, da nufin tsohon ya ga cewa shi ne da gaskiya tun farko. Ya ce ta sake karantawa.

"Shekara talatin na yi a kasuwar shanu ta Iware," in ji shi a hankali, "ban haɗu da mutum biyar da za su faɗi aibin saniyarsu ba tare da an tambaye su ba. Kira mini shi."

Da Hayatu ya zo, a zaure ta tare shi, ta kasa ɗaga ido.

"Na zalunce ka."

"Ni ma a ciyawar nan sai da na tsaya ina tuna ki. Amma na kasa zuwa gidanku da ƙarya."

Malam Hammanjoda ya kira ƙanensa, baffan Hamna, a gabansa ya ba Hayatu aurenta, ya ce ya janye sharaɗinsa. Tsohon bai ga ƙarshen damina ba, Allah Ya yi masa rasuwa.

Shekarar da ta biyo Hayatu ya tsallake gasar, sunansa na uku a jerin sababbin ƙwararru. Mako biyu bayan dawowarsa aka ɗaura aure a masallacin unguwarsu a Barade, ba kiɗa, ba taro mai yawa, baffanta ne waliyyi.

Da za a tafi da amarya, Dada, mahaifiyarta, ta kama hannunta ta damƙa wa gwaggon ango. Ta ce, "Mai gidan ya riga ya sa albarka, tawa ƙari ce kawai. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya jiƙan wanda ya haɗa ku."

Hamna ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta amsa da amin.