Jiniya da Mutumin Roba

Sau uku Jiniya ta gaida Inna a durƙushe, tsohuwar ko amsawa ba ta yi ba, sai kallon takalminta mai tabon jini take yi. Shekara tara ke nan tana aikin ceton rai a motar asibiti, shi ya sa unguwa ta laƙaba mata wannan suna, kuma satifiket ɗinta ba a kasuwa ta saya ba. Amma Inna ta ce ɗanta Dogo ba zai auri mai kwasar gawa a titi ba. In da gaske take, ta kawo digiri kamar 'ya'yan mutane.

Dogo ya sunkuyar da kai, uwa ce. Jiniya kuwa ta je ta yanki fom ɗin shiga jami'a.

Shekara huɗu tana sauke mara lafiya ta ruga aji, ta zauna cikin yaran da ba su taɓa ganin jini ba sai na kaza. Ranar jarrabawar ƙarshe aka shimfiɗa mata mutumin roba, aka ce ga wanda mota ta buge. Ta kalli wurin, ta taɓa wuyansa, ta buɗe masa hanyar numfashi, ta gama kafin malamin ya cire murfin biro. Ya kayar da ita. Wai ba ta faɗi matakan da baki ba, shi kuwa abin da kunnensa bai ji ba, ba ya ba shi maki.

"Malam, a bakin titi hannu ke aiki, ba baki ba," in ji ta.

"Nan ba bakin titi ba ne. Sai baɗi."

Inna ta samu abin da take so. Ta bi dangi gida-gida tana cewa wadda ta kasa ceton roba, ina za ta iya riƙe miji? Har ta fara lissafo wa Dogo 'yan matan dangi. A ranar ne Dogo ya ɗago kai.

"Inna, ba zan aure ta ba sai kin yarda. Amma wallahi ba zan auri wata ba."

Jiniya ta yi kukanta a bayan motar asibiti, tsakanin tukunyar iskar numfashi da gadon ɗaukar majinyata, ta wanke fuska, ta sake biyan shekara guda. Da baɗin ta zo, ta tsaya kan robar nan tana zuba kamar aku, tana sanar da malamin har sa safar hannu. Ta fi kowa maki.

Aka ɗaura aure. Ranar biki Inna ce ke jan hannunta tana nuna wa mata, wai tun farko ita ta hango wa ɗanta wannan yarinya mai ilimi. Jiniya ta yi murmushi, ta ce, "Haka ne, Inna."

Haƙuri ya dafa mata dutse, ta sha romonsa. Amma ku iyaye masu auna mutum da takarda, ku sani shekara biyar kuka ci wa yaran nan, kuma babu digirin da zai dawo musu da ita.