Kukan Batir Bayan Faɗuwar Rana

Rana ta faɗi, Inna tana tsakar gida tana ƙulla ruwa a leda za ta zuba a firiza. Da sayar da ƙanƙara take riƙe gidan tun rasuwar mijinta, ita da 'yarta Auta. Sai batir ya fara kuka.

Sabon batirin litiyam ne na wutar sola, an kafa shi a ɗakin ajiya na bayan gida, wanda ya yi shekaru a kulle. Kukan siriri ne mai huda kunne, jar fitila tana ƙiftawa. Firiza ta ɗauke. Auta ta kira mai solar da ya kafa musu shi a waya.

Ya zo da jakarsa yana raha. "Wuta ce ta yi masa yawa, Inna. Ya ƙoshi, ana ta ɗura masa kamar baƙo mai kunya."

Ya rage ƙarfin caji a jikin na'ura. Ya buɗe murfi ya gwada ƙwayoyin batirin ɗaya bayan ɗaya da mita, ko akwai wadda ta ɗara 'yan'uwanta. Duk daidai suke. Ya ƙara ɗaure wayoyi. Kukan bai tsaya ba. Daga ƙarshe ya zare wayar da ke saukowa daga rufi gaba ɗaya, ya tsaya yana kallon mita.

"Inna," ya ce a hankali, "babu rana, babu waya. Amma lambar hawa take yi."

Can sai aka fara jifan gidan. Dutse na farko a kan faifan sola ya sauka. Na biyu ya fasa tukunya a gaban Inna. Daga nan suka zubo kamar ruwan sama, gilashi yana tarwatsewa a tsakar gida, ba a ganin mai jifa.

Auta ta shigo ɗakin ba ta ko ƙifta ido. Ta damƙi kan batirin da tafin hannu, ƙaurin fata ya tashi, ba ta saki ba. Mai sola ya kama kafaɗarta zai janye ta. Da hannu ɗaya ta ɗaga shi ta maka da bango. Inna ta ji ƙarar ƙashinsa daga bakin ƙofa.

Maƙwabta huɗu suka danne ta da ƙyar kafin a kawo malam, wani dattijo da ya saba da irin wannan aiki. Ya zauna kusa da kanta ya fara karatu. Tana fizga, tana buga ƙeya da siminti har jini ya fito. Can wata murya ta fito daga bakinta, mai kauri, ba tata ba.

"Ka daina ƙona ni."

"Me yarinyar nan ta yi maka?" in ji malam.

"Ɗakina ne. Na haƙura da hasken, na haƙura da ƙarar. Sai suka kafa ƙarfe a ƙasa, ya bi ta ƙafar ɗana. Yana nan a soke."

Mai sola, yana rungume da karyayyen hannunsa na dama, ya dubi rodin da ya buga a kusurwa saboda tsawa.

"Ba su gan shi ba," in ji malam. "Za a cire."

"A ba ni ƙafarta."

"Ba za ka samu ba. Za a cire ƙarfen, a kwashe kayan, a bar maka ɗakin. In ka ƙi, in ci gaba."

Ya buɗe baki zai ɗora karatu. Muryar ta yi gurnani. "A cire ina gani."

Maza biyu suka yi ta girgiza rodin har ya fito, ƙarshensa jiƙe da wani baƙin abu mai ƙarni. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Batir ya yi shiru.

Washegari aka mayar da kayan zaure, Inna ta toshe ƙofar ɗakin da bulo da hannunta. Yatsun Auta na dama ba su sake miƙewa ba. Shi kuwa mai sola, duk gidan da zai kafa rodi, sai ya durƙusa ya yi wa ƙasar sallama, ya ɗan jira, sannan ya ɗaga guduma da hagu.